Yadda za ka auna labarin sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kafin ka gaskata

Labarin iri biyu ne yake yawo, kuma kowanne da masu rantsuwa a kansa. Na farko shi ne wanda aka koya mana a makaranta: ƙwayoyin jijiyar da aka haife ka da su su ke nan, wadda ta mutu ta tafi, babu madadi. Na biyu shi ne na zamani, wanda ake turo wa mutane a waya: wai masana sun gano ƙwaƙwalwar babba tana haifar sabbin ƙwayoyi kullum, saboda haka a sayi kaza, a sha kaza. Ni aikina koyar da ilimin sassan jiki ne ga ɗaliban jinya, kafin nan kuma na daɗe a ɗakin gwaji ina yanka tsoka siriri, in rina ta, in ɗora a ƙarƙashin madubi. Abin da sana'ar nan ta nuna mini shi ne, a wannan batu amsar da mai bincike zai samu tana rataye da yadda ya yi aikinsa. Don haka ga yadda nake bin irin wannan labari idan ya zo hannuna. Kai ma za ka iya, ba sai kana da madubi ba.

Ba zan ɓoye inda na tsaya ba. Hujjojin da suka taru sun fi karkata ga cewa ana samun sabbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar babba, amma 'yan kaɗan, a wani ɗan lungu guda, kuma abin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Akwai manyan masana da har yanzu ba su gamsu ba, kuma ba taurin kai ne ya hana su ba.

Fara da tantance abin da ake kira sabo

Yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka fitar a Burazil a 2009. Kowace ƙwaya tana da rassa, tana haɗuwa da dubban 'yan uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Waɗannan mahaɗai suna ƙaruwa, suna raguwa, suna ƙarfi, suna rauni, tun daga goyo har tsufa. Babu mai gardama a kan wannan. Da shi ne dattijo ɗan shekara 60 yake iya haddace sabuwar sura ko ya koyi tura kuɗi ta waya.

Akwai kuma wasu ƙwayoyin a cikin ƙwaƙwalwa da ba na jijiya ba ne, masu yi wa na jijiyar hidima, ana ce musu giliya, ga kuma ƙwayoyin da suke shimfiɗe a bangon hanyoyin jini. Su ma wasunsu suna rabuwa su hayayyafa a jikin babba, kuma an daɗe da sanin haka.

Abin da ake jayayya a kai abu ɗaya ne tak: shin akwai uwar ƙwaya da take rabuwa biyu a ƙwaƙwalwar babban mutum, 'yarta ta girma ta zama cikakkiyar ƙwayar jijiya mai aiki? Idan ka karanta labari, nemi wannan. In ka ga maganar duka a kan sabbin mahaɗai ce, ko “ƙwaƙwalwa tana sauya kanta”, to labarin gaskiya ne amma ba shi muke tambaya ba.

Sai ka tambaya: ƙwaƙwalwar wa aka duba?

Wannan tambaya kaɗai tana tankaɗe fiye da rabin abin da ake turowa, don galibi idan ka bi sawu za ka tarar ɓera ne.

Tarihin abin yana da daɗin ji, kuma sanin sa zai taimake ka. Santiago Ramón y Cajal, Basifaniyen da ya samu kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi, shi ne ya kafa ra'ayin cewa hanyoyin jijiya a ƙwaƙwalwar babba sun riga sun tsaya, ana iya rasawa amma ba a sabuntawa. Girman mutumin ya sa maganar ta zama kamar doka. A 1962 wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Altman, ya fara kawo shaidar da ta saɓa, sannan a 1965 shi da Gopal Das suka nuna sabbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye. Aka yi biris da su. Michael Kaplan ya ƙara tabbatarwa da madubin lantarki a 1977, shi ma bai samu masu saurare ba.

Tsuntsu ne ya buɗe ƙofar. Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller yana nazarin kanari, tsuntsun da yake sabunta waƙarsa shekara-shekara. A 1983 shi da Steven Goldman suka nuna cewa sashen da ke kula da waƙa a ƙwaƙwalwar babban kanari yana samun sabbin ƙwayoyi. Bayan shekara biyu, a 1985, Pasko Rakic na Jami'ar Yale ya duba birai ya ce shi bai ga komai ba, ya kuma kawo dalili mai ma'ana: dabbar da take rayuwa shekaru masu yawa tana tara ilimi, wataƙila ta fi bukatar ƙwayoyinta su zauna daram. Sai a ƙarshen shekarun 1990 Elizabeth Gould da wasu suka nuna cewa birai ma suna yi, ko da yake bai kai na ɓera ba.

Darasin da za ka ɗauka a nan shi ne, abin yana raguwa yayin da ake hawa daga ɓera zuwa biri, kuma ko saurin girman ƙwayar ya bambanta: a ɓera makonni kaɗan ne, a biri sai ta ɗauki wata shida ko fiye. Saboda haka duk labarin da ya ce “an gano gudu yana ninka sabbin ƙwayoyi”, ka san daga ina ya fito. Binciken Henriette van Praag da Gerd Kempermann da Fred Gage ne na 1999, kuma ɓeraye ne aka sa wa keken juyi a keji. Aikin yana da kyau, an maimaita shi sau da yawa. Amma ba a taɓa ƙirga irin wannan a mutum mai rai ba, don babu hanyar yi.

Wane sashe?

Nan ba sai mun daɗe ba. Sashen da ake magana a kai shi ne hifokamfas, wani lanƙwasasshen yanki a can ciki ta wajen kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Cikinsa ma ba duka ba, wani siririn layi ne da ake kira dentet. Hifokamfas shi ke ɗaure sabon abin da ya faru da kai ya zama abin tunawa. An gane haka ne daga Henry Molaison, wanda aka cire wa mafi yawan sashen ta ɓangarorin biyu a 1953 don maganin farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sabon abu.

Ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa, inda ake sarrafa magana da motsin hannu da ƙafa da gani, binciken da aka yi a Suwidin a 2006 ya nuna ƙwayoyin jijiyarsa sa'o'in mai su ne, tare aka haife su. Sashen jin ƙamshi, wanda a ɓera yake karɓar sabbin ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa, a mutum hanyar tana kusan bushewa tun yaro bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Idan labari ya ce “ƙwaƙwalwa” kawai bai faɗi sashe ba, ka riƙe shi da hannu ɗaya.

Yaya aka san ranar haihuwar ƙwayar?

Ga inda aikin yake. Kana duban yankan ƙwaƙwalwar wanda ya rasu, ƙwayoyi sun cika fili, duk kamarsu ɗaya. Ta yaya za ka ce wannan jiya aka haife ta, waccan kuwa tun mai ita yana ciki? Hanyoyi huɗu aka bi, kuma ya kamata ka gane wace ce labarin da ke hannunka ya dogara da ita.

Ta farko ita ce sa wa ƙwaya alama lokacin da take rabuwa. Akwai wani sinadari, BrdU, wanda yake shiga cikin DNA (kundin gadon halitta da ke cikin kowace ƙwaya) na duk ƙwayar da take kwafar kanta, ya zauna a ciki. A dabba allura kawai ake yi, a jira, a duba. A mutum ba za a yi haka don gwaji ba, domin sinadarin yana da illa. Amma a Gotenbag ta Suwidin an samu wasu masu ciwon daji na harshe da maƙogwaro da likitoci suka yi wa allurar don auna saurin girman ciwon. Peter Eriksson ya nemi izininsu a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Mutum biyar ne, masu shekara 57 zuwa 72. A 1998 shi da Fred Gage suka sanar cewa sun ga ƙwayoyi a dentet ɗauke da alamar, kuma ɗauke da shaidar cewa ƙwayoyin jijiya ne. A ganina har yau wannan ce hujja mafi kai tsaye. Rauninta a fili yake: mutum biyar, marasa lafiya, kuma da wuya a sake samun damar maimaitawa.

Ta biyu ita ce ta fi ba ni sha'awa, don dabara ce irin ta tsofaffinmu. Idan ka tambayi dattijon da ba shi da takardar haihuwa shekarunsa, sai ya ce maka an haife shi shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, kai kuma ka lissafa daga 1956. To ƙwayoyin jiki ma suna da irin wannan abin tarihi da suka shaida. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963, Amurka da Tarayyar Sobiyet da wasu ƙasashe sun yi ta gwajin bam ɗin nukiliya a sarari, har sinadarin kabon-14 (wani nau'in kabon da fashewar bam ɗin take ƙarawa) da ke cikin iska ya kusa ninkawa. Mu ma abin bai yi nisa da mu ba: Faransa ta tayar da nata na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma a kan waɗannan gwaje-gwaje ne gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961, ko da yake kason Faransa ƙarami ne idan aka kwatanta da na manyan biyun. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sarari, adadin ya riƙa sauka a hankali, kuma an auna na kowace shekara an ajiye. Tsiro yana zuƙar kabon daga iska, mu ci tsiron ko dabbar da ta ci shi, kabon ɗin ya shiga DNA na duk ƙwayar da aka haifa a wannan shekara. Ka auna kabon-14 na DNA, ka duba jadawali, ka san shekarar haihuwa.

Kirsty Spalding da Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska suka yi wannan da hifokamfas na mutum 55, masu shekara 19 zuwa 92, suka buga a 2013. Mutanen da aka haifa kafin gwajin bam an samu kabon ɗin bam a ƙwayoyin jijiyarsu na hifokamfas, abin da ke nuna an haifi wasu daga baya. Daga nan aka samo adadin da kowa ke ambata: ƙwaya 700 a kullum a kowane hifokamfas. Abin lura, ba ƙirga 700 aka yi da ido ba. Lissafi ne aka gina a kan matsakaicin awon miliyoyin ƙwayoyi da aka haɗa wuri ɗaya. Masu suka sun ce gyaran da ƙwaya take yi wa DNA ɗinta zai iya shigar da ɗan sabon kabon ko ba ta rabu ba, sannan 'yar gurɓata kaɗan tana iya karkatar da awo mai laushi irin wannan.

Ta uku ita aka fi amfani da ita, don ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi jawo rigima. Ƙwayar jijiya tana ƙarama tana ɗauke da wasu furotin da take yarwa idan ta girma. Fitaccensu shi ne DCX. Sai a rina yankan da abin da yake kama DCX, duk ƙwayar da ta haska a ce yarinya ce. Akwai kuma Ki-67, wanda yake nuna ƙwayar da take cikin rabuwa a lokacin da mai ita ya rasu. Matsalar ita ce ƙuruciya ba ita ce shaidar sabuwar haihuwa ba. Ƙwaya tana iya zama an haife ta tun mutum yana jariri, ta ƙi girma ta zauna haka shekaru, an kuma ga irin wannan a wani sashe na ƙwaƙwalwar mutum. Wasu kuma suna ganin tsohuwar ƙwaya ma tana iya sake fitar da furotin ɗin. Idan labari ya ce “an ga dubban ƙananan ƙwayoyi”, tambayi ko an ga iyayensu suna rabuwa.

Ta huɗu ita ce sabuwa: a ware ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, dubun dubata, a karanta saƙonnin RNA da kowace take fitarwa (wato umarnin da take kwafowa daga DNA ɗinta don yin aiki), kwamfuta ta rarraba su gida-gida. Ita ma ba ta kashe gardamar nan take ba. Wani rukuni a Yale ya duba a 2022 ya ga jerin uwar ƙwaya da 'yarta da jikarta a ɓera da alade da biri, bai gani a mutum ba. A shekarar nan dai rukunin Hongjun Song da Guo-li Ming a Jami'ar Pensilbeniya suka horar da kwamfuta ta gane ƙananan ƙwayoyi, suka ce sun same su har a tsofaffi. Sannan a Yulin 2025 ɗakin binciken Frisén ya fitar da aiki a mujallar Science, a kan mutane daga jarirai zuwa ɗan shekara 78, inda suka nuna uwayen ƙwayoyi masu rabuwa a dentet na manya. Wannan shi ne gurbin da aka daɗe ana cewa babu kowa a ciki. Amma su da kansu sun faɗa: wasu manyan suna da su da dama, wasu kusan babu.

Tambayar da 'yan jarida ba sa yi: yaya aka adana tsokar?

A nan ne nake da bakin magana, don hannuna ya yi warin fomalin, ruwan da ake adana tsoka a ciki, shekaru.

A Maris na 2018, Shawn Sorrells da Arturo Alvarez-Buylla na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka buga a mujallar Nature cewa sun duba samfur 59, wasu na mamata, wasu an ciro su ne lokacin tiyatar farfaɗiya. Sun ga ƙananan ƙwayoyi da yawa a jarirai, adadin ya faɗi warwas cikin shekarar farko, 'yan tsiraru a ɗan shekara 7 da ɗan 13, a manya kuwa ko ɗaya. Alvarez-Buylla ba baƙo ba ne a fagen, ya yi aiki da Nottebohm a kan tsuntsaye, rayuwarsa duka a kan sabbin ƙwayoyi ya yi ta. Mutumin da ya fi kowa son ya gani ne ya ce bai gani ba.

Wata guda bayan haka, a Afrilu, Maura Boldrini ta Jami'ar Kolombiya ta fitar da nata: mutum 28, masu shekara 14 zuwa 79, waɗanda suka rasu farat ɗaya ba tare da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Ta ce ta ga dubban ƙananan ƙwayoyi, kuma tsofaffi ba su gaza matasa sosai ba. Sashe ɗaya, kusan rini ɗaya, amsa biyu masu karo da juna.

Duk wanda ya yi aikin ɗakin gwaji ya san inda zai fara dubawa. Da zarar rai ya fita, furotin suna fara lalacewa, kuma an nuna a ɓera cewa DCX yana cikin masu saurin ɓacewa idan aka yi jinkiri. Ɓera ana adana ƙwaƙwalwarsa cikin mintoci. Mutum kuwa sai an sanar da dangi, an nemi izini, an kai ɗakin ajiya, awa 20 ko 40 ta wuce. Bayan nan sai fomalin. Shi ne yake hana tsoka ruɓewa, amma yana yin haka ne ta hanyar ɗaure furotin da juna, in ya daɗe sai ya rufe wurin da rinin zai kama. A ma'ajiyar ƙwaƙwalwa da yawa, samfur yana yin watanni ko shekaru a cikin bokiti. Ni kaina na sha ganin tsoka guda, ɓarin da aka tsame da wuri ya kama rini tas, ɓarin da aka bari ya kwana biyu ya fito fayau kamar babu komai a ciki.

Wannan ne María Llorens-Martín da ɗalibanta suka gwada a Madrid, suka buga a 2019. Sun karɓi ƙwaƙwalwa da wuri, suka yanka gida-gida, suka bar kowane yanki a ruwan adanawa na tsawon lokaci daban. Suka ga bayan awa 12 alamar DCX ta fara dusashewa, in aka daɗe kuma ta ɓace. Da suka kiyaye lokaci suka kuma wanke tsokar ta hanyar da take buɗe wuraren da suka rufe, sai ga ƙananan ƙwayoyi dubbai a mutum 13 masu lafiyar ƙwaƙwalwa, daga ɗan shekara 43 zuwa ɗan 87. A wasu 45 masu cutar mantuwa ta Alzheimer kuma adadin yana raguwa yayin da cutar take tsananta.

Kada ka ce shi ke nan an gama. Ɓangaren Sorrells suna da amsa: ai mu ma da rininmu mun ga ƙwayoyin a jarirai, kuma samfuran tiyata ba su yi jinkirin mutuwa ba. Suka ƙara da cewa wanke tsoka da ƙarfi yana iya sa rini ya kama abin da ba shi aka aika ba. Wannan ma gaskiya ne, na gani. Tsohuwar ƙwayar jijiya tana tara wani datti mai launin rawaya da yake haskawa da kansa a ƙarƙashin fitilar madubi, in ba ka kashe haskensa ba sai ka ƙirga shi a matsayin alama. Su kuma ɗaya ɓangaren suka ce ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya mai tsanani ba ma'auni ba ce, don ciwon kansa yana lalata hifokamfas.

To idan rahoto ya zo maka, nemi abu uku a sashen da suke bayanin yadda suka yi aiki: awa nawa tsakanin rasuwa da adanawa, tsawon lokacin da tsoka ta yi a fomalin, da kuma irin ciwon da mutanen suka yi fama da shi. Rahoton da ya ce bai gani ba alhali tsokarsa ta shekara a bokiti, rashin ganinsa ba hujja ba ce. Wanda kuma ya ce ya gani da rini ɗaya tak, ba tare da ya nuna ya kashe hasken dattin nan ba, ganinsa ma ba hujja ba ce. An ce gani ya kori ji, amma a madubi sai ka tambayi mai ganin yadda ya shirya abin da ya gani.

Wani abu da nake yawan tuna wa ɗalibai: kusan duk waɗannan ƙwaƙwalen daga Turai da Amurka suke. A wajenmu ana gaggauta jana'iza, binciken gawa kuma ba a cika yarda da shi ba, don haka irin wannan samfur ba ya taruwa. A Ibadan an kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa don nazarin tsufa da cutar mantuwa, amma adadin da ake ambata a labaran nan ba daga mutanenmu aka samo su ba.

Ɗora adadin a kan sikeli

Mu ɗauka 700 ɗin nan daidai ne. Ɓangare biyu, 1,400 a rana ke nan, kusan rabin miliyan a shekara. A shekara 50 za a samu wajen miliyan 25. Kamar da yawa, amma ka ɗora shi kusa da biliyan 86, bai kai kashi 1 cikin 3,000 ba. Kuma ba tari ake yi ba, wasu suna mutuwa ana maye gurbinsu, da yawa daga sababbin ma ba sa daɗewa. Wannan ba ya nufin ba su da amfani. A ɓera an ga alamun suna taimakawa wajen bambance abubuwa biyu masu kama da juna, kamar wurin da aka ajiye abinci jiya da na shekaranjiya. A mutum kuwa ba a nuna aikinsu kai tsaye ba tukuna.

Ka yi hattara kuma da hoton MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin kai. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace titunan birnin ake ba su lasisi, ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A 2011 Kirk Erickson ya raba dattawa 120 gida biyu, waɗanda suka yi shekara guda suna tafiyar ƙafa mai ɗan sauri sau uku a mako hifokamfas ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100. Duka binciken kirki ne. Amma na'urar tana ganin girma ne, ba ta ganin ƙwaya. Ƙwayar dentet faɗinta kamar kashi 1 cikin 100 na milimita ne, ɗigon hoton kuwa kusan milimita guda. Ƙarin girma yana iya zama sabbin hanyoyin jini, ko ƙarin rassa, ko giliya. Duk wanda ya nuna maka hoton MRI ya ce ga sabbin ƙwayoyi, ya faɗi abin da hoton bai faɗa ba.

Daga nan hukuncin masu sayar da magani ya zo da sauƙi. Ƙwayar magani ce, garin ganye ne, mai ne, in aka ce yana haifar da sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a mutum, tambayi yadda aka ƙirga. Tunda sai an yanka ƙwaƙwalwa ake iya ƙirgawa, amsar ba za ta wuce ɓera ko kwanon gwaji ba, in ma akwai ta. Tafiyar ƙafa, isasshen barci, kula da hawan jini da suga, waɗannan ina ba kowa shawararsu, amma don amfanin da aka auna a mutane ne ta fuskar jini da zuciya da tunani, ba don na iya rantsuwa suna ƙara ƙwaya ba.

Idan mai tambayar yana da majiyyaci a gida

Sau da yawa wanda ya kawo mini wannan tambaya ba son sani ne kawai ya kawo shi ba. Mahaifinsa ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana so ya ji ko abin da ya mutu zai dawo. Ga abin da nake faɗa, kuma nake koya wa ɗalibai su faɗa. Ƙwayoyin da suka mutu a wurin da jini ya yanke ba za su dawo ba, kuma 'yan sababbin da ake magana a kansu a wani sashe dabam suke, ba sa tasowa su zo su cike gurbin. Amma Baba yana iya samun sauƙi sosai, domin ƙwayoyin da suka tsira a kewaye suna ƙulla sabbin mahaɗai su karɓi wani ɓangare na aikin, kuma maimaita motsi ne yake sa su yi hakan. Sauƙin ya fi sauri a watannin farko, musamman ukun farko, don haka kuɗin da za a kashe a kan maganin “tsiro da jijiya” gara a kashe shi a kan zuwa sashen gashi, a kuma riƙa yi masa atisayen da aka nuna a gida kullum, hannun da ya shanye shi za a sa ya riƙa ƙoƙarin ɗaukar kofi, ba a riƙa yi masa komai ba. A ci gaba da maganin hawan jini ko ya ji garau, don bugu na biyu ya fi na farko muni. In kuma aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibitin da yake da na'urar hoton kai nan take, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma ba a yin ta sai hoto ya nuna ba zubar jini ba ne.